Saiwa ta Biyu a Fiƙar Testa

Ba a cire haƙorin ba. Ranar Alhamis da ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, likitar haƙori ta mayar da awartakinta cikin tire ba tare da ta taɓa komai da shi ba, ta ce wa nas ta soke abin da aka rubuta a kati, ta kawo kayan wankin saiwa.

Mai haƙorin mai gyaran wuta ne, ɗan shekara hamsin da takwas. A layinsu ba wanda ke kiransa da wani suna sai Testa, saboda ɗan sukudireban gwajin wuta da ba ya rabo da aljihun gaban rigarsa. Abin ya faru ne a ɗaki na biyu na wani asibitin haƙori da ke saman bene, bisa wani kantin magani. Zuwansa na biyu ke nan cikin kwana goma sha shida.

Haƙorin da ake magana a kai fiƙa ce, ta ƙasa a ɓangaren dama. A muƙamuƙinsa na ƙasa haƙora shida kawai suka rage nasa na kansa: ƙanana huɗu a gaba, ɗaya a hagu, sai ita fiƙar. Sauran an cire su ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru. A madadinsu yana sa haƙoran roba masu ƙugiyar ƙarfe biyu, ɗaya tana kama haƙorin hagu, ɗaya tana kama fiƙar. Kamar igiyar shanya ce a kan sanda biyu. In fiƙar ta tafi, robar ba ta da abin riƙewa a dama, kuma ƙananan na gaba ba za su iya ɗaukar nauyin ba. Testa ya san yadda hakan yake, domin kullum yana ganinsa a bakin amininsa, wani mai gyaran famfo da suke shago ɗaya shekara goma sha tara. Shi ba ya da ko ɗaya a ƙasa, shi ya sa ake ce masa Wawulo. Robarsa tana yawo a baki kamar takalmin aro, kuma in zai ci nama sai ya juya wa mutane baya.

Zuwan farko 'yarsa ce ta kai shi, babbar, wadda take koyarwa a makarantar firamare. Kwana huɗu haɓarsa na kumbure, robar ta ƙi shiga, shi kuma ya ƙeƙasa ƙasa ya ce sanyi ne. Likitar ta ɗauki hoton haƙorin, ta haska shi a allo. A ƙarshen saiwar akwai wani baƙin tabo kamar ƙwayar wake. Ta auna, milimita biyar. Sannan ta sa ɗan madubinta ta daɗe tana duban kan fiƙar, inda wani kwari ya ratsa shi, santsi kamar an goge.

"Baba, me kake yi da wannan haƙorin?"

"Cin abinci."

"Sai kuma me?"

Ya dubi silin.

"Faɗa mata mana, Baba," in ji 'yar. Da ya yi kunnen uwar shegu sai ta faɗa da kanta. "Waya yake ɓarewa da shi, likita. Tun kafin a haife ni. Filayar ɓare waya uku na kawo masa, duk suna nan cikin ledarsu kamar kayan ado."

"Filaya ba ta jin inda roba ta ƙare," in ji Testa. "Sai ta yanke maka zare biyu na tagulla ba ka sani ba. Wannan kuwa bai taɓa ci mini waya ba."

"To, waya ta ci shi," in ji likitar.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Haƙori ba dutse ba ne. A cikinsa akwai siririn rami daga kai har ƙarshen saiwa, jijiya da jini na bi ta ciki. Kwarin da waya ta yi ya kai ga ramin, ƙwayoyin cuta suka shiga, jijiyar ta ruɓe, mugunya ta taru a ƙashin da ke ƙarƙashi. Tabon da ke hoto ke nan.

"Fayif ke nan da waya a ciki," in ji Testa.

"Haka ne. Wayar ta ruɓe. Zan zare ta, in wanke fayif ɗin, in toshe shi."

"Bango kuma ya zauna."

"Ya zauna, in bai tsage ba." Ta ajiye madubin. "Gara in faɗa maka tun yanzu. Haƙorin da ya sha irin wannan aiki yakan tsage har cikin saiwa, kuma hoto ba ya cika nuna tsaga. In na wanke, ciwo ya tafi, shi ke nan. In ya dawo, abin da zan fara zargi ke nan. Tsagaggiyar saiwa kuwa ba ta da gyara, sai cirewa."

Aikin ya ɗauki minti hamsin. Ta yi masa allurar kashe zafi, ta shimfiɗa wata koriyar roba a bakinsa, fiƙar kaɗai ta leƙo ta cikinta. Ta huda kan haƙorin, ta riƙa zura waɗansu siraran magagarai masu kamar allura, daga ƙarami zuwa babba, tana ɗauraye ramin da ruwan magani tsakanin kowane biyu. Abin da ya ɗauke hankalin Testa shi ne wata 'yar na'ura da ta rataya masa ƙugiyarta a leɓe, ta maƙala ɗaya wayar a jikin magagarin. Tana zurawa na'urar na ƙara, tana ƙara sauri, har ta ja dogon kuka.

Ana cire masa robar, tun leɓensa bai dawo ba, ya nuna na'urar.

"Wannan ai mita ce."

"Tsawon saiwa take auna mini. In bakin magagarin ya kai ƙarshe sai ta yi kuka."

"Ta leɓena wutar take komawa ke nan. Kin rufe da'ira da ni." Ya juya ga 'yarsa. "Ashe 'yar sana'armu ce."

Likitar ta rubuta milimita ashirin da uku a kati. Ta zuba magani a ramin, ta rufe da ciko na wucin gadi, ta ce ya dawo bayan mako uku a toshe saiwar gaba ɗaya.

Kumburin ya saɓe cikin kwana uku. Robar ta koma mazauninta. Kwana tara Testa bai ji komai ba, har ya hau tsani ya ja wa wani sabon kanti waya tun daga mita har bayan gida. A rana ta goma, da hantsi, suna zaune a ƙofar shago shi da Wawulo, ya kurɓi shayi. Bai ji komai ba sai da ya haɗiye. Sannan wani zafi ya taso daga ƙarƙashin haƙorin ya bi muƙamuƙi har kunne. Ya ajiye kofin a hankali, ya riƙe gwiwarsa.

"Ya dawo ko?" in ji Wawulo, baki har kunne. "Maraba da zuwa, ɗan'uwa. Mun daɗe muna ajiye maka kujera."

"Rufe mini baki kafin robarka ta faɗo cikin shayi."

"Ta faɗo, in ɗauraye in mayar. Ni ka taɓa jin na ce haƙori na ciwo? Shekara bakwai ke nan ina barci kamar jariri."

"Kana kuma cin abinci kamarsa."

Washegari ma haka, jibi ma haka. 'Yar ta lura ya daina shan abu mai zafi, ta matsa masa har ya faɗa. Ta buga wa asibitin waya. Likitar ta ce a kawo shi Alhamis, kuma ya zo da shirin cewa mai yiwuwa a cire. Nas ta rubuta hakan a kati.

'Yar ta same shi a shago da labarin. Shagon ɗaki ɗaya ne, an raba shi da idanu kawai: bangon dama naɗin wayoyi ja da baƙi da kwalayen soket, bangon hagu kawunan famfo da gwiwoyin fayif a zare cikin igiya.

"Baba, ta faɗa tun farko. An gwada, bai yiwu ba. A cire ka huta."

"Wa ya ce bai yiwu ba?"

"Likita."

"Likita ba ta gan shi ba tukuna. Ta waya ta ji."

"To, kai ka fi ta sani ke nan?"

"A'a. Ta fi ni sanin haƙori nesa ba kusa ba. Amma a bakina yake."

Ranar Laraba da la'asar ya janyo ƙofar shagon rabi. Ya jona butar lantarki, ya aika Wawulo ya karɓo ƙanƙara wurin mai lemo na kusurwa. Ya yage marfin kwalin soket, ya zana haƙoransa shida a jere kamar yadda yake zana allon fis na gida, ya sa wa kowanne lamba. Fiƙar ce ta shida. Ya ja layuka huɗu: cizo, bugu, sanyi, zafi. Ya cire robarsa ya sa a kofi. Wawulo ya riƙe madubin babur a hannu ɗaya, biro a ɗayan.

"Ni dai a rubuta cewa ba da yawuna aka yi wannan ba," in ji Wawulo.

"Rubuta abin da na ce maka kawai. Kuma ka daina karkarwa, madubin nake kallo ba kai ba."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga na farko, bai tsallake ko ɗaya ba, har waɗanda ya san lafiyarsu ƙalau. Ya ciji fensir da kowanne, ya saki. Babu komai, har a na shida. Ya ƙwanƙwasa kowanne da gindin testarsa. Na shida ya ɗan amsa, kaɗan. Ya ɗora ƙanƙara. Biyar suka yi tsam, na shida ko gezau. Sannan ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a ruwan zafi. Biyar ɗin suka ji ɗumi suka manta. A na shida ya taɓa ɓangaren leɓe, shiru. Ya sake tsomawa, ya taɓa ɓangaren harshe.

Wawulo ya ga idon amininsa ya kawo ruwa. Testa ya ɗaga yatsa, yana nuna masa agogon bango.

Zafin ya fara ne bayan daƙiƙa biyar, ya yi daƙiƙa arba'in kafin ya sake shi. Ya huta minti goma ya sake. Biyar, da arba'in da huɗu. Ya sake a karo na uku.

"Kai, ya isa haka," in ji Wawulo. Ya daina dariya. "Sau ɗaya bai ishe ka ba? Sai ka kashe kanka a shagon da rabinsa nawa ne?"

"Sau ɗaya tsautsayi ne. Rubuta: shida, da talatin da takwas."

Dalilin wannan naci yana bayan hannunsa na dama, wani farin tabo mai tsawon ɗan yatsa. Yana da shekara ashirin da bakwai aka kira shi gyara a wani tsohon gida. Ya kashe babban makunni, gidan ya yi duhu gaba ɗaya, ya hau tsani ya kama wayar banɗaki da hannu. Ta jefar da shi har bakin ƙofa. Daga baya aka gano wanda ya zauna a gidan a da ya jawo wani layi daga maƙwabta ya binne a bango, babu shi a zane, babu wanda ya sani. Tun ranar Testa bai sake yarda cewa waya ta mutu don an kashe makunni ba. Sai ya ɗora testa, sau uku.

Ranar Alhamis 'yar ta ɗauki izinin awa biyu daga makaranta. Wawulo ma ya biyo su, wai don ya ga ƙarshen fim. Aka bar shi a benci a waje. A cikin ɗakin tiren yana shirye: sirinji, auduga, awartaki a lulluɓe da farin ƙyalle. Likitar ta gaishe su, ta sa safar hannu, ta ɗauko awartakin ta ajiye kusa da ita.

"Baba, ya jikin? An ce ya dawo."

"Ya dawo. Kafin ki yi allura, ga wannan."

Ya miƙa mata marfin kwalin. 'Yar ta rufe fuska da hannu.

"Baba, don Allah. Likita, yi haƙuri, na ce masa ya bar shi a gida."

Likitar ta karɓa. Ta juya kwalin, hoton soket ne a baya, ta sake juyo shi. Ta bi layukan da yatsa.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Na mai famfo. Shi ya sa ya karkace."

"Ka ciza, bai yi zafi ba? Ko lokacin da ka saki?"

"Ko kaɗan."

"Ruwan zafi kawai."

"Shi ma ta ɓangaren harshe. Kuma ba nan take ba, sai ya yi jinkiri." Ya gyara zama. "'Yata, ni ban san tsaga a haƙori ba. Amma kin ce kin zare wayar. Abin da aka zare wa waya da me zai ji zafin shayi? A aikinmu, in na kashe layi testa ta ci gaba da kawo wuta, ba na cewa bango ya tsage. Cewa nake akwai wani layin da ba ya cikin zane."

Nas ta dubi likitar.

"Ba zan yi aiki da kwali ba," in ji likitar. "Zan gwada da kaina."

"Da ni ne ma haka zan yi."

Ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai zanen awo, ta zagaye dasashin fiƙar da shi, tana kiran lambobi nas na rubutawa. Biyu, biyu, uku, biyu. Ta ce da saiwa ta tsage, yawanci akwai wuri ɗaya da ƙarfen zai zurma. Babu. Ta ɗumama wani ɗan guntun roba a wuta, ta ɗora a ɓangaren leɓe. Shiru. Ta ɗora a ɓangaren harshe, tana kallon agogonta. A daƙiƙa ta biyar Testa ya damƙi hannun kujera.

"A sake hoto," ta ce wa nas. "Amma karkato kan na'urar ta gefe, kada ki ɗauka daga gaba."

Hoton ya fito a allo. Saiwar da ta wanke tana nan, da farin maganin a cikinta. Daga bayanta, kamar mutum ya leƙo ta kafaɗar wani, ga wata saiwar, gajera, siririya.

Likitar ta daɗe tana kallo.

"Yawancin fiƙar ƙasa saiwa ɗaya gare ta," ta ce. "Taka biyu ce. Hoton farko daga gaba na ɗauka, sai ta ɓuya a bayan 'yar'uwarta. Ya kamata tun ran nan in karkata in sake ɗauka. Ban yi ba."

"Ni sai da waya ta jefar da ni daga tsani na koya," in ji Testa. "Ke kin samu da sauƙi."

A nan ne ta mayar da awartakin.

Neman bakin rami na biyu ya ɗauke ta kusan minti ashirin. Yana ƙarƙashin wani ɗan tudu ta ɓangaren harshe, sai da ta sa tabarau mai ƙara girma ta kankare tudun a hankali. Da magagarin farko ya shiga, jini ya biyo shi. Ta nuna wa 'yarsa audugar. Jijiyar nan ba ta gama mutuwa ba, ita ce take jin shayi. Na'urar ta yi kuka a milimita ashirin. Testa, da roba a baki, ya ɗaga babban yatsa.

Da suka fito Wawulo ya miƙe daga benci, yana leƙen hannun 'yar.

"Ina yake? Ba su ba ku shi a takarda ba?"

Testa ya ja leɓensa da ya mutu da yatsa, ya nuna masa.

"Kash," in ji Wawulo. "Sai in ci gaba da zama ni kaɗai ke nan. Amma a faɗa wa likita rubutuna ne ya cece shi."

"Ta ce a gaya maka ka koma aji biyu," in ji 'yar. "Akwai wuri a ajina, Kawu."

Bayan mako biyu likitar ta toshe ramukan biyu, kowanne har ƙarshensa. Bayan wasu biyun ta sa wa fiƙar hula, wato murfi mai kare kan haƙori, ta gyara ƙugiyar robar ta zauna daidai a kanta. Ta ce hular ba a yi ta don waya ba, kuma in ta ga kwari a jikinta ita da kanta za ta kira 'yar. A ranar 'yar ta je shago ta yage ledar filaya ɗaya, ta ɗaura mata igiya, ta rataya masa a wuya gaban Wawulo. Yana amfani da ita. Yana kuma ƙorafi a kanta kullum, ya ce ta ci masa zare biyu a aikin wani ofis. Marfin kwalin yana cikin fayil ɗinsa a asibitin. Likitar ce ta ce a bar mata.

Tun daga ranar Alhamis ɗin bai sake jin zafi ba. Yana shan shayinsa da tiriri, yana cin nama fuskarsa na kallon mutane.

Wata uku bayan toshewar aka sake hoto, ta gaba da ta gefe. Testa ya tsaya gaban allon da tabaransa a hanci.

"Ya ragu," ya ce.

"Ya ragu."

"To, rubuta an gama."

"A'a. Rashin ciwo ba shi ne warkewa ba. Sai ƙashi ya cike wurin nan gaba ɗaya, kuma yakan kai shekara, wani lokacin ya fi. In ya tsaya a hanya, ko ya sake girma, za mu koma maganar da muka yi tun farko."

Ya sake duban allon, sannan ya gyaɗa kai.

"Daidai ne. Sau nawa za ki gwada?"

"Wannan na ɗaya. Saura biyu."

Nas ta rubuta masa ranar dawowa, wata shida masu zuwa, Talata da ƙarfe goma. A katin, gurbin ƙarshe inda ake rubuta sakamakon aiki an bar shi fari. Tabon yana nan a ƙarshen saiwar, milimita uku.